Layi na Ɗari Takwas

Layi ɗaya tak ya rage a littafin baftisma na cocin Pencote, Winifred Pember kuwa ta rantse littafin nan ba zai bar garin da giɓi ba.

Mu a Pencote mutum arba'in da ɗaya ne, in ba a ƙirga tumaki ba. Ranar Lahadi mu tara muke zuwa coci, goma in karen Cuthbert Tudge ya ga dama ya shigo. Littafin baftismar tun shekarar 1813 aka buɗe shi, shafi ɗari, kowane shafi layi takwas. Manyan garuruwa cikin shekara biyar suke cinye irinsa su sayi wani. Mu kam shekara ɗari biyu da goma muna lallaɓa namu, har aka kai layi na ɗari bakwai da casa'in da tara, daga nan haihuwa ta tsaya cak. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da a ji kukan jariri a cocin, don matasa duk sun tsere birni. Autan gari yanzu shi ne Neville bakanike, shi ma furfura ta fara leƙo masa.

Winifred shekararta saba'in da shida, 'yar gajeruwa, ga saurin ƙafa ga saurin baki. Ba ta taɓa aure ba, ta ce ina ta ga lokaci. Shekara talatin da ɗaya tana ɗaya daga cikin dattawa biyu masu riƙon coci. Ɗayan shi ne Cuthbert ɗin nan mai kare, makiyayin tumaki, wanda tun suna aji ɗaya a firamare suka fara faɗa har yau ba su gama ba. Ita ke goge tagulla, ita ke korar jemagu da tsintsiya mai dogon sanda, ita ke share maƙabarta. Ko kwalbar jam ɗin nan da wani marar aikin yi ke cusa wa furanni ya ajiye a gindin tsohuwar bishiyar bayan coci duk watan Afrilu, wurin da babu ko dutsen kabari, ita ke ɗauka ta jefa a shara tana mita.

Amma abin da ta fi so duk duniya littafin nan ne. Ta haddace shi tsaf. In baƙo ya shigo neman kakanninsa, kafin ya cire hula ta gaya masa shafi da layi da sana'ar uban, ta ƙara masa da sunan wanda aka haifa wata biyar bayan biki a danginsu, kyauta. Sannan dole ta ja shi zuwa shafi na casa'in da uku, ta ɗora yatsa a layi na ɗari bakwai da arba'in da ɗaya.

"Ga ni nan," take cewa. "Winifred, 'yar Albert da Edith Pember, sha takwas ga Maris. Shekarar babbar dusar ƙanƙara ce, ta arba'in da bakwai. A kafaɗa Baba ya ɗauko ni, yana nutsewa har ƙugu."

Ba wanda ya taɓa ba ta labarin kafaɗar nan, ita ta shirya abinta tun tana yarinya, ta yi ta faɗa har ya zauna. Shekarar ma babu ita a layin. Rabaran Ollerton, limamin wancan zamani, a saman shafi kawai yake rubuta shekara, sauran layukan rana da wata yake sa wa, kai ka yi ta lissafi da kanka.

To, wata Lahadi a watan Satumba, bayan an tashi daga sujada ana shan shayi a bayan kujeru, sai limamiyarmu Rabaran Philippa Crane ta ƙwanƙwasa kofi da cokali. Baiwar Allah coci bakwai take juyawa da wata 'yar mota ja mai tari, kullum a guje take.

"Jama'a, laima tana cin littattafanmu," in ji ta. "Mutanen gidan adana tarihi na gunduma za su zo su kwashe su ranar Litinin, washegarin bikin godiyar girbi. Sati uku ke nan."

Biskit ɗin hannun Winifred ya faɗa cikin shayi. "Har da na baftisma?"

"Shi ne ma kan gaba, Miss Pember."

"Haba Rabaran! Ai bai cika ba. Saura layi guda."

"Za a ja masa layi a soke shi, a rufe littafin. Haka ake yi."

"A soke? Layin da muka yi shekara ɗari biyu muna tafiya wurinsa, a soke shi da biro kamar jerin cefane? Ba dai ina da rai ba."

Cuthbert yana gefe yana ba karensa ɓawon kek. "To ke ki haifa mana mana, Winnie. Sati uku ai ya ishe ki, ke da ba kya ɓata lokaci."

"Kai dai rufe mana baki, mai warin tunkiya." Ta juya ga limamiya, idanunta na ƙyalli. "In na kawo jariri kafin ranar, za ki yi masa?"

Rabaran Philippa ta yi dariya. "Ki kawo mini mutum mai rai wanda ba a taɓa yi wa ba, da yardar masu shi, ni kuma in yi."

Ai kuwa da ta san abin da ta kunno da ba ta faɗa ba. Washegari da sassafe Winifred ta gasa kek ɗin tuffa guda huɗu, ta ɗaura ɗankwalin ruwan sama, ta fita farautar jariri.

Na farko, mutanen Landan ɗin nan da suka sayi tsohon gidan niƙa suke zuwa hutun ƙarshen mako. Ta hango matar tana tura keken jarirai a kan hanyar tudu. Winifred ta bi ta a guje da kek a hannu, tana haki tana kiran "Baiwar Allah! Baiwar Allah!" Da ta cim mata ta leƙa cikin keken tana shirin cewa tubarkalla, sai ga wani tsohon ɗan kare mai ciwon ƙafa sanye da rigar ulu, yana kallonta da ido ɗaya. Matar ta karɓi kek ɗin ta yi godiya ƙwarai.

Na biyu, mai gyaran famfo na garin da ke gaba da mu, wanda aka ce matarsa ta haihu. Winifred ta toshe wurin wanke-wankenta da ganyen shayi da gangan don ya zo. Yana kwance a ƙarƙashin famfo ta tsuguna kansa tana yi masa wa'azi. Sai ya ce ai tagwaye ne. Ta shiga auna yadda za a matse mutum biyu a layi ɗaya, har ta fara tambayarsa wanne ne ya fi ƙoshi. Ya fito da kansa ya ce mata tun watan jiya aka yi musu a cocin surukansa, amma kek ɗin ya yi daɗi.

Ta tare mai kawo wasiƙu, ta tare matar da ke zuwa yi wa tsofaffi allura. Ta kai har masu tafiyar ƙafa da ke ratsa maƙabarta da jakunkuna a baya sun fara canja hanya, don labari ya bazu cewa akwai wata tsohuwa a Pencote da ke fitowa daga bayan kaburbura tana tambayar mata ko suna da ciki. Cuthbert kuwa abin nema ya samu. Ran nan ya faka tarakta a ƙofar gidan Winifred, ya ɗago wata 'yar tunkiya sanye da hular jarirai mai igiya.

"Ga ta nan, Winnie. Uwarta ta yarda, ni ne shaida."

Ta jefe shi da takalmin lambu. Amma da ta rufe ƙofa sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga baya kuma ta zauna a kujerar kicin ranta ya ɓaci, don kwana biyar suka rage kuma kek ya ƙare.

Ranar Juma'a da hantsi aka haɗu don shirya littattafan. Suna cikin wani tsohon akwatin katako ne a ɗakin shirin limamai, mai makulli uku: ɗaya na limami, biyu na dattawan coci, in ɗaya bai zo ba akwati ba ya buɗuwa. Winifred ta zo a makare da gangan, ta ce mabuɗinta ya ɓata. Rabaran Philippa ta nuna igiyar da ke rataye a wuyan Winifred. Dole ta ciro shi tana ƙunƙuni.

Aka fara fito da kaya. Littafin aure, littafin sanarwar aure, taswirar maƙabarta da ɓera ya ci kusurwarta. Can ƙasa akwai wani baƙin littafi da laima ta manne da katako, sai da Cuthbert ya sa wuƙar aljihunsa ya ɓamɓaro shi. Tsohon littafin matattu ne, wanda ya cika tun kafin su shiga makaranta. Winifred ba ta taɓa buɗe shi ba, ta ce ita da masu shigowa take hulɗa, ba da masu fita ba.

Cuthbert ya ɗora tabarau a hanci yana buɗawa yana karanto sunaye, wai yana neman kakansa. Sai ya tsaya. Ya matso da littafin kusa da taga. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Winnie."

"Mene ne kuma?"

"Ashe kin mutu ba ki gaya mana ba?"

"Ka fara ko?"

"Ga shi nan baƙi da fari! Winifred Pember, ta Pencote. An binne ta uku ga Afrilu, 1945." Dariya ta ci ƙarfinsa har ya zauna a kan akwatin. "Kai jama'a! Shekara saba'in da takwas fatalwa tana ba mu umarni. Shi ya sa ba kya gajiya!"

"Kawo nan, makaho." Ta fizge littafin. Ita ma dariyar ta kama ta, don ga sunanta nan ɓaro-ɓaro da rubutun Ollerton, wanda a nan kam bai yi wasa da shekara ba. "Ikon Allah! To ai da an faɗa mini da na huta da goge tagulla."

Rabaran Philippa ta leƙo ta kafaɗarta. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗora yatsa a gefen layin, wurin da ake rubuta shekarun mamaci. An rubuta: sati shida.

Limamiyar ta jawo littafin baftisma, ta buɗe shafi na casa'in da uku. A saman shafin an rubuta 1943. Ta bi layukan a hankali tana ƙirga watanni da yatsa, duk inda wata ya koma baya ta san an shiga sabuwar shekara. Da ta zo layi na ɗari bakwai da arba'in da ɗaya sai ta tsaya.

"Miss Pember, me aka rubuta a sana'ar uba?"

"Soja. Ai Baba ya yi yaƙi."

"A shekarar arba'in da bakwai fa, me yake yi?"

Winifred ta sunkuya ta ƙura wa layin ido. Kowa ya san Albert Pember ya ajiye kakin soja tun ƙarshen arba'in da biyar ya koma yankan katako. Sau dubu nawa ta ɗora yatsa a kan kalmar nan tana alfahari, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ba.

"Wannan layin na watan Maris ɗin arba'in da biyar ne," in ji limamiya a hankali. "Sati biyu kafin wancan binnewar."

"To ni ina nawa layin?"

Suka duba shafin har ƙasa, suka duba na gaba da na gabansa. Ga Cuthbert nan, ga 'yan ajinsu duka. Babu wata Winifred kuma.

Winifred ba ta ko ɗauki jakarta ba. Ta fita ta ratsa maƙabarta, ta gangara layin bayan coci zuwa gidan Goggo Dorcas, ƙanwar babanta, mai shekara casa'in da uku, wadda ƙafa ta ƙi amma kai garau yake. Ta same ta a bakin murhu tana ɓare wake a cinya.

"Goggo, wace ce Winifred ɗin da aka binne a arba'in da biyar?"

Hannun tsohuwar ya tsaya. "Wa ya buɗe baƙin littafin?"

"Cuthbert."

"Dama shi. Tun yana yaro hannunsa ba ya zama wuri ɗaya." Ta ture kwanon gefe. "Zauna, Winnie. Uwarki ta sa na yi rantsuwa, amma ita ta tafi ta bar ni da kayan, ni kuma na gaji da ɗauka."

Winifred ta zauna a bakin kujera.

"Yayarki ce. Babanki yana bakin daga aka haife ta, bai taɓa ganinta ba. Lokacin ina da shekara goma sha biyar, ni na riƙe ta ranar baftisma. Sanyin safiyar nan ba zan manta shi ba. Ruwan da ke cikin dutsen baftisma ya daskare, Ollerton da mabuɗin coci ya fasa ƙanƙarar. Uwarki ta ce a bari a ɗumama, ya ce ba a taɓa yi ba. Ya kamfata ya zuba mata sau uku. Ta yi wani irin kuka, sai kuma ta yi shiru. Kwana uku ƙirji ya kama. Sati biyu muka kai ta bayan coci."

"Ruwan ne ya kashe ta?"

"Oho. Likita ya ce ciwon yana gari a lokacin, yara da yawa sun yi. Amma je ki gaya wa uwa haka. Edith ta ce babu wani ɗa nata da zai ƙara zuwa kusa da dutsen nan. Da kika zo ta maida miki sunan, don ta ce ba za ta bar shi a ƙasa ba. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya sati bakwai, da aka buɗe kowa ya ɗauka an yi miki a gida. Ollerton ya mutu a shekarar. Duk limamin da ya zo bayansa, in ana neman shaidarki, ya buɗe littafi ya ga Winifred 'yar Albert da Edith, shi ke nan. Uwarki tana tsaye tana kallo ba ta cewa uffan."

"A ina take?"

"Gindin tsohuwar bishiya. Ba a sa dutse ba, Edith ba ta iya ganin sunan a rubuce." Goggo Dorcas ta ɗago ido, har da ɗan murmushi. "Duk Afrilu nake kai mata fure, da ƙafa ta ƙi na koma aiken Neville. Wata 'yar iya kuma tana bi tana zubar mini da kwalabe."

Nan Winifred ta fashe da kuka, irin kukan da ba ta yi ba ko ranar binne uwarta. Kunya ta kama ta, tausayin uwar ya kama ta, ga haushin shekara talatin da ɗaya na kwalaben da ta jefa a shara da hannunta. Goggo ta bar ta ta yi mai isarta, ta miƙa mata tsumman goge kwano don babu hankici kusa.

Tana cikin share hanci sai ta tsaya cak, tsumman a fuska.

"Goggo."

"Na'am."

"Ke nan ni ba a taɓa yi mini baftisma ba?"

"Ko ɗigo."

"Ko ɗigo?"

"Ke kurma ce? Na ce ko ɗigo."

Winifred ta miƙe tsaye. Hawaye na zuba, dariya na fitowa, ita kanta ba ta san wanne take yi ba. "Sati uku! Sati uku ina bin karnuka da kek, ashe jaririyar tana cikin takalmina!"

Da gudu ta koma coci, 'yar shekara saba'in da shida, ɗankwali a hannu. Ta tarar limamiya na ƙoƙarin tada motarta. Ta faɗa kan bonet ta baje hannuwa.

"Rabaran! Kin ce mutum mai rai wanda ba a taɓa yi wa ba, da yardar masu shi. Ga ni. Ni ke da kaina, kuma na yarda!"

Rabaran Philippa ta kashe motar, ta kifa kai a sitiyari tana dariya har hon ya yi ƙara. Ta ce dole ta sanar da bishop, shugaban limamai, tukuna, don haka ake yi in babba ne. A nan cikin motar ta buga masa waya. Muna jin muryarsa daga waje yana cewa, "Shekara nawa kika ce tana riƙe da mabuɗin?"

Cuthbert kuwa ranar kamar an ba shi sarauta. Ya ce ai dokar coci ta ce sai mai baftisma ke zama dattijon coci, saboda haka duk umarnin da ta ba shi cikin shekara talatin da ɗaya ya ɓaci, har da na hana kare hawa kujera. Sannan ya ce babba ma yana buƙatar mai tsaya masa, kuma duk garin ba wanda ya san laifuffukanta kamarsa.

"Ni zan zama uban baftismarki. Daga jibi Baba za ki riƙa ce mini."

"Na girme ka da wata biyar, marar kunya."

"A littafi ba a haife ki ba tukuna, yarinya."

Ranar Lahadi cocin ya cika har ana tsayuwa, abin da ba a gani ba tun bikin auren iyayen Neville. An jera kabewa da tuffa da dankali da kwalaben jam a kan tagogi saboda godiyar girbi. Mutanen Landan sun zo da karensu a keke. Mai gyaran famfo ya zo da tagwayensa, suna ta tsala kuka, Winifred ta ce a bar su, ginin ya yi kewar wannan ƙara. Ita kuwa ta sa farar rigar da take zuwa gasar furanni da ita, ta yi gyaran gashi a birni ranar Asabar, ko da yake kowa ya gaya mata jiƙa shi za a yi.

Aka taru a bakin dutsen baftisma da ke kusa da ƙofa, tsohon dutse mai kwarmi kamar turmi. Ta yi shekaru tana wanke shi da buroshi, amma yau da ta tsaya gabansa sai uwarta ta faɗo mata a rai. Ta tuna yadda duk ranar Lahadi take zagayawa ta ɗaya gefen kujeru don kada ta wuce kusa da shi. Winifred a da ta ɗauka tsabar son zama kusa da hita ne.

Limamiya ta ɗauko tulun ruwa za ta zuba, sai aka ji murya daga baya.

"Dakata, Rabaran."

Cuthbert ne, cikin kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi, ya fito daga ɗakin shiri rungume da babbar butar shayin coci, tana tururi. Ba wanda ya sa shi. Neville ne ya ba shi labarin abin da Goggo ta faɗa. Ya tuttula ruwan zafin a cikin dutsen, ya karɓi tulun ya sirka da na sanyi, bai kalli kowa ba, kunnuwansa sun yi ja wur.

"A matso da ni," in ji Goggo Dorcas.

Neville ya turo kekenta har jikin dutsen. Tsohuwar ta naɗe hannun rigarta a hankali, aka ɗan ɗaga ta, ta tsoma gwiwar hannu a ruwan yadda ake gwada wa jariri ruwan wanka. Ta ɗan jima a haka. Sannan ta ɗaga kai sama, ba mu take kallo ba.

"Da ɗumi, Edith," ta ce. "Da ɗumi. Ki bari a yi."

Winifred ta sunkuya. Ruwan ya gangaro mata ta goshi sau uku, ya rushe gyaran gashin Asabar, ya shiga wuyan farar riga. Ba ta ji abin da limamiya ke faɗa ba sosai, ɗumin kawai take ji. Da ta ɗago, rabin cocin na share ido, ɗaya rabin na tafi, karen Cuthbert kuwa ya haye kujerar gaba ya zauna ba wanda ya ce masa sauka.

Aka kawo littafin a kan ƙaramin tebur. Rabaran Philippa ta buɗe shafi na ɗari, ta cire murfin alƙalami, ta cika layi na ɗari takwas: Winifred, 'yar Albert da Edith Pember. Sana'ar uba, mai yankan katako.

"Rubuta shekara," in ji Winifred, tana tsaye a kanta ruwa na ɗiga daga gashinta. "Da manyan baƙi. Kuma ki koma ɗari bakwai da arba'in da ɗaya ki sa mata tata a gefe. Na riƙe mata layi shekara saba'in da shida, yau na maida mata abinta."

Limamiya ta rubuta duka biyun. Winifred da kanta ta rufe littafin, ta shafa bangonsa sau ɗaya, ta miƙa.

Ana ta hayaniyar shayi da kek sai aka neme ta aka rasa. Cuthbert ya duba farantinsa ya ga an juye masa jam kwalba guda cur a kan burodi, furannin kan bagade kuma sun ragu. Ya leƙa ta ƙaramar ƙofar baya, ya cire hularsa, ya tsaya a nan bai ƙarasa ba.

Tana durƙushe a gindin tsohuwar bishiya cikin jiƙaƙƙiyar farar riga, tana gyara wa kwalbar zama a cikin ciyawa don kada iska ta ture ta.

"Yaya," ta ce, "ni ce Winnie. Ki yi haƙuri, na zo a makare."